Daga katin kamara zuwa montaj: yadda ake shirya ɗanyen bidiyo ba tare da asara ba

A Maraɗi, Damagaram, Tawa ko Yamai, da wuya yau a yi bikin aure, suna, saukar karatu, naɗin sarauta ko taron ƙungiya ba a ga masu kamara suna kai da kawo ba. Duk abin da suka wuni suna ɗauka yana taruwa ne cikin wani ɗan kati mai tsawon milimita 32 da faɗin milimita 24, wanda ake kira katin SD, ko kart memuwar a bakin mutanen gari. Tsakanin lokacin da aka zare katin daga kamara da lokacin da mai montaj ya fara yankawa da haɗawa, akwai wani aiki da mai biki ba ya gani, amma a nan ne aka fi yin asara: fayil ya ɓace, sauti ya saɓa da motsin baki, bidiyo ya riƙa sarƙewa a kwamfuta, ko a goge kati kafin a tabbatar an kwashe abin da ke ciki. Ɗaurin aure kuwa ba a maimaita shi don kamara. Wannan bayani ya tattaro matakan aikin, da manhajojin da ake yin sa da su, da dalilin kowane mataki.

Abin da ya canja tun zamanin kaset

Waɗanda suka fara sana'ar da kaset ɗin Mini-DV, wanda ya fito a 1995, sun san yadda abin yake. Kaset ɗaya yana ɗaukar minti 60, kuma sai an kunna shi daga farko har ƙarshe kafin hoton ya shiga kwamfuta ta wayar FireWire, inda yake cin wajen jiga 13. Aikin yana da jinkiri, amma yana da wani amfani: bayan an gama, kaset ɗin yana nan cikin kabad. Ko kwamfuta ta lalace, asalin hoton bai je ko'ina ba.

Kati ya kawo sauri, ya kuma kawar da wannan kariya. Kati yana da tsada, ba a ajiye shi bayan kowane biki. Gogewa ake yi a sake ɗauka gobe. Daga ranar da aka goge shi, kwafin da ke kan disk dur shi ne asali. Saboda haka dukan matakan da ke tafe suna komawa ga abu guda: a fitar da hoton daga kati cikakke, a tabbatar da cikarsa, sa'an nan a mayar da shi yadda kwamfutar montaj za ta iya ɗaukarsa.

Kati tsari ne, a kwashe shi gaba ɗaya

Idan aka buɗe katin kamara a kwamfuta, za a tarar da dosiye cikin dosiye, da ƙananan fayiloli masu sunaye marasa ma'ana ga ido. Da yawa sukan shiga ciki su tsinci bidiyon kawai su bar sauran. Wannan ne kuskuren da ya fi yawa, domin ƙananan fayilolin nan su ne ke gaya wa manhajar montaj ranar ɗauka, lokaci, tsawon kowane yanki, da yadda yankunan ke haɗuwa da juna.

Kowane kamfani da nasa tsari:

• AVCHD, wanda Sony da Panasonic suka fitar a 2006, kuma har yanzu yana cikin kamarorin biki da yawa. Bidiyon yana cikin PRIVATE, sai AVCHD, sai BDMV, sai STREAM, da sunaye irin su 00000.MTS. Kusa da shi akwai dosiyen CLIPINF da PLAYLIST, inda bayanan yankunan suke.
• XAVC S na Sony. Bidiyon yana cikin PRIVATE, M4ROOT, CLIP, da sunaye irin su C0001.MP4, kowane da ɗan fayil ɗinsa na XML.
• P2 na Panasonic, da gidajen talabijin suka daɗe suna aiki da shi. Cikin dosiyen CONTENTS, hoto yana VIDEO, sauti yana AUDIO, a fayiloli daban-daban na MXF. Wanda ya kwashi VIDEO kaɗai zai tarar da bidiyo bebe.
• XDCAM EX na Sony, mai dosiyen BPAV.
• Kamarorin hoto irin na Canon da Nikon, da GoPro, da yawancin jiragen ɗaukar hoto marasa matuƙi, suna ajiye nasu cikin DCIM.

Ƙa'idar ɗaya ce ga dukansu: a kwafe katin tun daga bakinsa, da duk dosiyen da ke ciki, har wanda ake ganin babu komai a cikinsa. Kada a canja suna, kada a goge komai, kada a fitar da fayil daga wurinsa.

Me ya sa kamara ke yanka doguwar ɗauka

Mai ɗaukar wa'azi, huɗuba ko karawar kokowa yakan bar kamara tana aiki awa guda ba tsayawa, amma ya tarar da fayil 3 ko sama da haka a kati. Dalilin yana ga nau'in katin. Katin SDHC, mai jiga 4 zuwa 32, yana amfani da tsarin ajiya na FAT32, wanda ba ya yarda fayil ɗaya ya wuce jiga 4. Katin SDXC, daga jiga 64 zuwa sama, yana amfani da exFAT, wanda ba shi da wannan iyaka. Duk da haka wasu kamarori suna yankawa a jiga 2 ko 4 ko da wane kati aka sa musu. A AVCHD mai megabit 24 a daƙiƙa, jiga 4 bai wuce ɗaukar minti 20 da ƴan kai ba.

Idan aka ja waɗannan yankuna ɗaya bayan ɗaya zuwa cikin montaj, sau da yawa akan ji sauti ya ɗan yanke ko hoto ya yi tsalle a mahaɗa. Idan aka bar tsarin katin yadda yake, aka shigo da shi ta hanyar da manhajar ta tanada, ita da kanta za ta gane yankunan ta nuna su a matsayin ɗauka ɗaya. A Adobe Premiere Pro hanyar ita ce Explorateur de médias, a Final Cut Pro tagar shigo da bidiyo daga kamara. Wanda aka kawo wa fayilolin MTS tsirara, ba tare da sauran dosiyen ba, yana iya liƙa su a Windows da wannan umarni, ba tare da ingancin ya ragu ba:

copy /b 00001.MTS+00002.MTS duka.MTS

GoPro tana da nata salon da ke ruɗa mutane: GH010045.MP4 da GH020045.MP4 ɗauka ɗaya ce, ta 45, kashi na 1 da kashi na 2.

Kwafewa da tabbatarwa

Kafin a sa kati a kwamfuta, a tura ɗan makullin da ke gefensa ƙasa, wajen da aka rubuta Lock. Hakan yana hana kwamfuta rubuta wani abu ko goge wani abu a kansa bisa kuskure. A yi amfani da na'urar karanta kati, wato lektar, maimakon a jona kamarar da waya, don kada batir ya ƙare ana tsakiyar aiki. Ramin USB 2.0 ba ya wuce mega 30 zuwa 35 a daƙiƙa, ke nan kati mai jiga 64 zai ci sama da minti 30. Da lektar na USB 3.0 da kati mai saurin mega 90, wajen minti 12 ya isa.

Jan dosiye da linzamin kwamfuta a sake shi a disk dur kwafewa ce, amma ba ta tabbatar da komai. Waya mai sako-sako, ramin USB da ƙurar hunturu ta cika, ko ƙyaftawar kuran, suna iya ɓata wani sashe na fayil, girmansa kuma ya nuna daidai. Ba za a gane ba sai ranar montaj, wataƙila bayan an goge katin.

Maganin wannan shi ne manhajar da ke lissafa wa kowane fayil wata lamba ta musamman, kamar zanen yatsa. Tana lissafa lambar fayil ɗin da ke kati, ta lissafa ta kwafin, ta gwada su. In harafi ɗaya ya canja cikin fayil, lambobin ba za su zo ɗaya ba, sai ta yi gargaɗi. Hanyoyin lissafin da aka fi sani su ne MD5 da xxHash. Na biyun ya fi sauri. Manhajojin da ke wannan aiki sun haɗa da:

• DaVinci Resolve na kamfanin Blackmagic Design. Nau'insa na kyauta yana da Clone Tool a shafin Media, wanda ke kwafe kati zuwa disk biyu ko fiye tare da tabbatarwa.
• TeraCopy, ƙaramar manhaja ta Windows, mai zaɓin tabbatarwa bayan kwafewa. Ta dace da tsohuwar kwamfutar da Resolve ya yi wa nauyi.
• ShotPut Pro, OffShoot da Silverstack, na kuɗi, waɗanda masu manyan finafinai ke amfani da su. Suna fitar da rahoton duk abin da aka kwafa.


Kwafi nawa ya kamata a yi? Ƙa'idar da mai ɗaukar hoto ɗan Amurka Peter Krogh ya yaɗa ita ce 3-2-1: kwafi 3, a kan ma'ajiya iri 2, ɗaya daga ciki a wani wuri daban. Ga ƙaramin situdiyo, mafi ƙaranci shi ne disk biyu daban-daban, ɗaya na aiki, ɗaya na ajiya a gida. Dosiye biyu a kan disk ɗaya kwafi ɗaya ne, domin ranar da disk ɗin ya mutu tare za su tafi. Haka kuma kowane kwafi a yi shi daga katin kai tsaye. In aka kwafi na biyu daga na farko, duk aibin na farko zai bi shi.

Yanayin ƙasarmu yana ƙara wasu sharuɗɗa. A lokacin zafi, da ɗaukewar wuta ke yawaita, a yi kwafin da kwamfutar hannu mai cikakken batir, ko a sa wa ta tebur ondilar. Disk dur mai juyawa ba ya jure faɗuwa ko girgizar kabu-kabu, musamman yana cikin aiki. SSD ya fi shi juriya da sauri, ko da yake ya fi tsada. Disk ɗin da zai riƙa yawo tsakanin Windows da Mac a yi masa formataj da exFAT, domin Mac yana karanta NTFS amma ba ya rubutu a kansa sai da ƙarin manhaja, Windows kuma ba ya buɗe APFS na Mac.

Tsarin suna

Kamarori da yawa suna komawa lamba ta farko duk lokacin da aka goge kati. Mai bukukuwa 10 yana iya samun fayil 10 masu suna 00000.MTS. In suka haɗu a dosiye ɗaya, ko dai sabo ya danne tsoho, ko manhajar montaj ta ɗauko bikin wani ta sa cikin na wani. Don haka kowane kati a ba shi dosiyensa, sunan ya fara da shekara, wata da rana, domin kwamfuta ta jera su bi da bi. Misali:

2024-11-16_Aure_Tawa
ciki: KamaraA_Kati01, KamaraA_Kati02, KamaraB_Kati01, Sauti, Salula, Proksi, Montaj

A guji haruffa masu ƙugiya irin su ƙ, ɗ, ɓ, da wasulan Faransanci masu alama a sunayen dosiye, domin wasu manhajoji suna tuntuɓe da su. Ranar ɗauka kuma a daidaita agogon dukan kamarori da juna. Zai sauƙaƙa jera hotunan daga baya.

Mazubi da kodek

Bayan an adana hoton, sai tambaya ta biyu: kwamfuta za ta iya montaj da shi yadda yake? A nan dole a rarrabe abu biyu. Haruffan ƙarshen sunan fayil, MP4, MOV, MTS ko MXF, mazubi ne kawai, kamar buhu. Yadda aka matse hoton a cikin buhun shi ake kira kodek. Fayil biyu na MP4 suna iya zama ɗaya da H.264, ɗaya da H.265, kwamfuta ta buɗe na farko cikin sauƙi ta kasa na biyu. Canja sunan fayil daga MTS zuwa MP4 da hannu ba ya canja komai a ciki.

Manhajar MediaInfo, ta kyauta, tana nuna duk abin da ke cikin buhun: kodek, faɗin hoto, yawan hotuna a daƙiƙa, nauyin bidiyon a megabit, da nau'in sauti. Ita ya kamata a fara buɗewa duk lokacin da wani fayil ya ƙi aiki.

H.264, na 2003, da H.265, na 2013, an yi su ne don rage girman fayil. Suna ajiye cikakken hoto ɗaya, sa'an nan ga hotunan da ke biye su ajiye bambancin kawai. Wajen kallo wannan ba matsala ba ne. Wajen montaj, inda ake tsalle gaba da baya, kwamfuta sai ta koma ga cikakken hoton ta sake lissafa duk na tsakani kafin ta nuna wanda ake so. Shi ya sa bidiyon 4K da ke tafiya sumul a salula yake sarƙewa a kwamfutar situdiyo. Kodek ɗin montaj, irin su ProRes na Apple da ya fito a 2007, da DNxHD da DNxHR na Avid, suna ajiye kowane hoto cikakke. Fayil ɗin ya fi girma sosai, amma kwamfuta ba ta wahala da shi.

Hanyoyi huɗu na shirya hoton

Ta farko, a yi aiki da asalin fayil. In kwamfuta tana da ƙarfi, bidiyon kuma 1080 ne mai H.264, babu buƙatar canja komai. A gwada yanki ɗaya tukuna.

Ta biyu, a canja mazubi kawai. Idan manhaja ta ƙi buɗe MTS alhali kodek ɗin da ke ciki ta san shi, sai a juye hoton cikin MOV ba tare da an taɓa shi ba. Aikin ƴan daƙiƙu ne, inganci ba ya raguwa, girma ba ya ƙaruwa sosai. Shutter Encoder, manhajar kyauta da ake samu da Faransanci, tana yin haka. EditReady ma a Mac. Ga mai iya rubuta umarni, FFmpeg, wadda Bafaranshe Fabrice Bellard ya fara a shekarar 2000 kuma Shutter Encoder ke aiki a kanta, tana yin sa da layi ɗaya:

ffmpeg -i 00001.MTS -c:v copy -c:a pcm_s16le 00001.mov

Ta uku, a juya hoton gaba ɗaya zuwa ProRes ko DNxHR. Wannan ya dace da fayilolin da suka ƙi buɗewa sam, ko aikin da za a miƙa wa gidan talabijin da ya gindaya nasa sharaɗi. A lura da abu biyu: juyawa ba ta ƙara wa hoto kyau, sauƙin aiki kawai take kawowa; kuma HandBrake, da mutane da yawa suka sani, an yi ta ne don matse bidiyo zuwa H.264 ko H.265, saboda haka ta fi amfani wajen shirya aikin da aka gama don tura shi a intanet.

Ta huɗu, proksi, wato ƙaramin kwafi mai sauƙi da ke wakiltar asali lokacin montaj. Ana yanka da haɗawa da ƙaramin, ranar fitar da aiki manhaja ta koma ga babban. Premiere Pro, DaVinci Resolve, Final Cut Pro, da Kdenlive da Shotcut na kyauta, duk suna yin proksi da kansu. Wanda zai yi nasa a waje ya tabbatar sunan fayil, tsawonsa, yawan hotuna a daƙiƙa da yawan layukan sauti sun zo ɗaya da na asali, in ba haka ba manhaja ba za ta iya haɗa su ba. Ga mai 4K da matsakaiciyar kwamfuta, wannan ce hanya mafi araha. Kafin a fitar da aikin ƙarshe a duba cewa disk ɗin asali yana jone, don kada a miƙa wa mai biki hoton proksi mai dishi-dishi.

Lissafin wuri

A ninka megabit na bidiyo da 0,45, sai a samu jiga nawa awa guda za ta ci. Ga wasu misalai:

• AVCHD mai megabit 24: kusan jiga 11 a awa.
• XAVC S 4K mai megabit 100: jiga 45 a awa.
• ProRes 422 Proxy, 1080 da hotuna 25 a daƙiƙa: wajen jiga 17 a awa.
• ProRes 422 LT: wajen jiga 38.
• ProRes 422: wajen jiga 55.
• ProRes 422 HQ: wajen jiga 83.
• ProRes 422 a 4K: sama da jiga 200.

Bikin da aka ɗauka da kamara biyu, awa 3 kowace, ɗaya 4K ɗaya AVCHD, zai ba da wajen jiga 168. Kwafi biyu sun kai jiga 336, proksi na awa 6 ya ƙara wajen 100. Wannan lissafi ya kamata ya shiga cikin kuɗin da ake yanka wa mai biki tun farko.

Kada a rikita megabit da mega, wato megaokte: mega ɗaya megabit 8 ne. Alamar V30 ko U3 a jikin kati tana nufin yana iya rubuta aƙalla mega 30 a daƙiƙa, wato megabit 240, wanda ya ishi 4K mai megabit 100. Class 10 da U1 mega 10 kawai suka tabbatar.

Bidiyon salula, yawan hotuna da sauti

Wutar lantarkin Nijar tana kan zagaye 50 a daƙiƙa, shi ya sa kamarori a nan ya kamata su kasance kan hotuna 25 ko 50 a daƙiƙa. Kamarar da ke kan 30 ko 60, kamar yadda ake saita su don Amurka, tana iya nuna hasken fitila yana rawa a ɗakin taro. Idan an haɗa 25 da 30 a montaj ɗaya, motsi yakan ɗan cije. Gyara mafi sauƙi shi ne a daidaita dukan kamarori kafin a fita. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Salula tana da wata matsala daban. Yawancinsu suna ɗauka da hotuna 30, kuma yawan yana hawa da sauka gwargwadon haske da zafin wayar. A doguwar ɗauka, sauti yakan riga baki ko ya yi baya. MediaInfo tana nuna wannan da kalmar Variable. Maganinsa a juya fayil ɗin zuwa tsayayyen adadi kafin montaj, da Shutter Encoder ko HandBrake. Wayoyin iPhone tun 2017 suna ɗauka da H.265 in ba an canja saitin ba, kuma daga iPhone 12 suna ƙara HDR, wanda ke sa hoto ya yi fari fat kusa da na kamara sai an daidaita launinsa.

Bidiyon da dangi suka turo ta WhatsApp an riga an matse shi, kyansa ba ya dawowa. A nemi su turo shi a matsayin takarda, wato ta zaɓin Document, wanda ke ɗaukar har jiga 2, ko a kwashe shi da waya kai tsaye.

Tsofaffin kamarorin AVCHD da yawa suna ɗauka da 50i, inda kowane hoto ya kasu rabi biyu masu shiga juna. A talabijin ba a gani, amma a salula da Facebook gefen abu mai motsi yakan yi haƙora kamar mashaci. Manhajojin juyawa suna da zaɓin cire wannan, wanda Faransanci ke kira dezantrelasma. Sautin da aka naɗa daban kuma ya kasance kan 48 kHz, a yi tafi ɗaya gaban kamara a farkon kowace ɗauka don a samu wurin daidaitawa.

Idan matsala ta auku

An goge kati bisa kuskure: a daina ɗauka da shi nan take. Yawanci gogewa tana share jerin sunaye ne kawai, hoton yana nan har sai sabo ya hau kansa. PhotoRec, ta kyauta, tana iya tono fayiloli da yawa. A ajiye abin da ta samo a wani disk daban. Sai dai babu tabbas, domin doguwar ɗauka takan dawo a karye, kuma formataj ɗin wasu kamarori yana share komai kwata-kwata.

Batir ya ƙare ana ɗauka: fayil na MP4 ko MOV yana rubuta jadawalinsa ne a ƙarshe, in bai samu dama ba sai ya ƙi buɗewa. A fara kwafe katin yadda yake, sa'an nan a mayar da shi cikin kamarar, domin wasu suna gyara irin wannan fayil da kansu. Manhajar Untrunc ma tana gwadawa, idan aka ba ta lafiyayyen fayil daga kamarar guda.

Dosiye sun koma gajerun hanyoyi: wannan aikin wata cutar kwamfuta ce da ta zama ruwan dare a wuraren intanet da shagunan tura waƙoƙi. Tana ɓoye dosiyen ne, ba ta goge su. Kada a danna gajerun hanyoyin, kada a yi formataj. Bayan an wanke kwamfutar da antibirus, wannan umarni yana fito da su, idan katin yana kan harafin E:

attrib -h -r -s /s /d E:\*.*

Jabun kati: ana sayar da katunan da aka rubuta wa jiga 128 alhali ainihinsu bai kai haka ba. Kamara za ta yi ta ɗauka ba gargaɗi, amma duk abin da ya wuce ainihin girman ya lalace. Araha ba ta ado. Kowane sabon kati a gwada shi da H2testw a Windows, ko F3 a Mac da Linux, kafin a kai shi aiki. Suna cika katin su sake karantawa su faɗi gaskiyar girmansa.

Yaushe ake goge kati

Sai an cika sharuɗɗa huɗu: akwai kwafi a kan disk biyu daban, manhajar tabbatarwa ta ce babu kuskure, yawan fayiloli da girmansu sun zo ɗaya da na kati, kuma an buɗe yankin farko, na tsakiya da na ƙarshe daga kwafin, an ga hoto an ji sauti. Bayan haka a yi formataj cikin kamarar da za ta yi aiki da katin, domin ita ce ke gina dosiyen da take buƙata. Masu aiki da kati da yawa sukan rubuta wa kowane lamba, su ware aljihu biyu, na waɗanda aka kwashe da na waɗanda ba a kwashe ba.

Mai biki, shugaban ƙungiya ko ma'aikatar da ta ɗauki mai kamara ma tana da abin yi. Tun wurin ciniki a tambaye shi kwafi nawa yake yi, da tsawon lokacin da yake ajiye ɗanyen hoto bayan ya miƙa aiki. Wanda ke son ɗanyen hoton ya faɗa tun farko, ya kawo disk ɗinsa, ya nemi a zuba masa dosiyen katunan yadda suke tare da bidiyon da aka gama. Abin da aka tura a WhatsApp ko aka sa a Facebook matsattsen kwafi ne, ba zai yi amfani ba ranar da ake son sake montaj ko nuna wa ƴaƴa da jikoki a babban allo.